Shekarar da Igiya Ta Tsallake Gonar Yayata

Gonar da zan ba da labarinta ba ta da girma. In mutum ya tsaya a kan gaɓa ya jefa dutse da ƙarfi, zai wuce ta ya faɗa ruwa. Tana ƙasan ƙauyenmu, kusa da Abu Hujar, can kudu da Khartum, daidai inda kogi yake lanƙwasa. Irin gonakin nan ne da muke kira jarfi: ruwa ya rufe su da damina, ya janye da kaka ya bar baƙar laka, a shuka ba taki ba ban ruwa. Kakanmu ne ya sare ƙayar wurin lokacin da tafiyarsu ta hajji daga yamma ta tsaya a nan. Ubanmu ya gada, da ya rasu muka bar wa yayata. Mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu, ni kuwa tun ina saurayi na san hannuna bai dace da fartanya ba.

Takarda kam babu. Duk jerin gonakin bakin ruwan nan babu mai takarda ko ɗaya. Ambaliya takan shafe iyakoki kowace shekara, don haka da zarar laka ta yi taurin da za ta ɗauki ƙafar mutum, sai dattawa su sauko da igiya. Ranar igiya muke ce mata. Shehun gari ya riƙe bakin igiyar, a ja, a kafa turke, a kira gidan da ke biye. Ƙa'idar guda ce: wanda ya shuka bara, shi ake auna wa bana. Ubanmu yakan ce fartanya ce takardarmu, kowace shekara ake sabunta ta. Ina yaro na ɗauki maganar hikima. Da na shiga kasuwa na ga yadda masu hatimi ke tafiya da ƙafa a buɗe, sai na fara ganin talauci ne kawai aka naɗa wa rawani.

Ni da keken jaki na fara. Ina bin ƙauyuka ina karɓar fasasshen baho da tsohuwar jarka da takalmin roba da ya tsinke, ina ba mata sabon kofi ko kwano. In kaya ya taru in ɗora a lori zuwa birnin Wad Madani, wurin masu injin niƙa roba. Daga jaki na koma raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku, daga raksha na samu rumfa da sikeli, har mutane suka fara kawo mini kaya ƙofa. Babu wanda ya ɗaga ni, ni na ɗaga kaina. Na faɗi wannan ne don a san ba wawa ba ne ya yi abin da zan faɗa. Wawa ba zai iya irin wannan kuskuren ba, sai mai dabara.

Lanƙwasar da ta sa gonar yayata ta fi ta kowa laka, ita ce daga baya ta zama masifarta. Duk abin da ruwa ya ɗauko daga sama, nan yake juyawa ya kwanta. Da can itace ne, wani lokaci da mushen jaki. Sai leda ta fara zuwa, da gorunan ruwa, da jarkokin mai, da takalmi ƙafa ɗaya. Wasu gorunan da rubutun Habasha a jikinsu, wanda babu mai iya karantawa a garinmu. Su mutane suka fi son ɗagawa suna nunawa, suna cewa ga masu ɓata mana ruwa. Ni da nake auna kayan na san gaskiya: mafi yawa namu ne, daga garuruwan da ke samanmu, da rubutun Larabci ɓaro-ɓaro.

Kafin yayata ta shuka sai ta yi kwanaki ita da 'ya'yanta suna tsinta. Mai tauri ta kawo mini, ledar nan mai laushi da babu mai saye ta tara ta ƙona. Duk da haka in ta haƙa albasa sai ka ga wata ta fito a murɗe, ta girma cikin leda kamar ƙafar da aka matse a takalmi. Akuyarta guda ta yi ta ramewa tana ci, aka yanka ta kafin ta mutu, aka ciro ƙullin leda daga tumbinta ya kai girman kan jariri. Amma gonar tana ciyar da gidan. Albasa, kuɓewa, wake, dankali. Ba ta taɓa roƙon kowa ba, har ni.

Wata shekara da bazara, bayan an gama kwashe amfanin jarfi, fararen motoci uku suka tsaya a gindin dogon yaron kasuwa. Akwai namu na Khartum, akwai mutanen Habasha, akwai na Masar, da wata mata mai ɗaukar hoto. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo shayi. Suka ce ƙasashen da ke shan kogin nan sun zauna sun yarda su haɗa hannu a kan roba, tunda ruwa ba ya barin dattin kowa a gidansa. An kafa kwamiti guda na kowa da kowa. Za a yi wuraren tarawa a bakin ruwa tun daga kan iyaka, a kawo injin matsewa, lori ya riƙa zuwa yana kwashewa zuwa wata masana'anta da za ta narkar da har ledar nan mai laushi.

Ba zan ce ƙarya suka zo yi ba. Shehu ya nuna ni ya ce ga mai sana'ar, na kai su lanƙwasar kogi. Wani dattijo Bahabashe mai furfura ya sunkuya ya ɗauki gora, ya karanta rubutun, ya yi dariyar kunya ya ce daga garinsu take. Ya goge ta da hannun rigarsa ya sa a jakarsa. Mutumin da zai yi haka ba mayaudari ba ne.

Jami'in namu, wani mai farar riga da biro biyu a aljihu, ya ja ni gefe.

"Ya Hajj, wurin nan muke so. Na wane ne?"

"Na yayata ne."

"Tana da takarda?"

"Tana da igiya."

Ya yi dariya. Ya ce aron shekara guda suke so, kafin a gina wuri na dindindin a kan tudu. Za a rubuta yarjejeniya da sunanta, a buga hatimi, mai awo ya zo ya auna. Ban ji sauran abin da ya ce ba. Sunanta, hatimi, awo. Abin da kakanmu bai samu ba, ubanmu bai samu ba, ga shi ya zo har gida a farar mota yana roƙo.

Washegari da safe na samu yayata tana matsar man gyaɗa a tsakar gida.

"Sarkin bola," ta ce, don haka take kirana tun zamanin jaki. "An ce jiya kana gaban Turawa kana nuna gonata da yatsa kamar kai ka haife ta."

"Ba Turawa ba ne, Yaya. Maƙwabta ne."

"Maƙwabcin da ya zo da mota uku ba gishiri ya zo ara ba. Mi suke so?"

Na zauna a kan turmi na yi mata bayani dalla-dalla, yadda nake yi wa mai saye idan na san kayana na ƙwarai ne. Na ce abincin gidanta na shekarar a kaina. Ta ci gaba da murza tunkuza ba ta dube ni ba.

"Shekara guda ba shuka. To ranar igiya in ce mi?"

"Ki ce kina da abin da ya fi igiya."

"Baba ya ce ƙasar da ba a shuka ba, mantuwa gare ta."

"Baba bai taɓa ganin hatimin ƙasa uku a takarda ɗaya ba."

Ta yi tsaki. Na ga ciniki zai kuɓuce, sai na taɓa inda na san zai yi zafi. Na ce, "Yaya, 'ya'yanki duka mata ne. Ranar da ba ke ba ni, wa zai tsaya musu gaban dattawa ya ce a auna? Takarda ba ta mutuwa."

Hannunta ya tsaya a cikin kwano. Ta daɗe tana kallon man yana tsatsowa tsakanin yatsunta.

"Shekara guda, auta," ta ce. "In ta wuce, a wuyanka."

Mai awo ya zo da na'urarsa mai ƙafa uku. Ya kafa turakun siminti huɗu, ya rubuta lamba da jan fenti a jikin kowanne. Ta dangwala yatsa. Takardar ta fito da tutoci uku a sama, da sunanta da na ubanmu a tsakiya, da cewa aro ne. Na karanta ta sau uku, babu ha'inci a ciki. Na kai ta birni aka lulluɓe mini ita da roba don kada ruwa ya taɓa ta.

Sai aka kira gayya. Gari duka ya sauko, har da 'yan ƙauyen ƙetare a kwalekwale. Mata suka dafa, mai agashe, wato mai tsire, ya kafa wutarsa a kan gaɓa. Kwana uku ana tsintar bakin kogi, ana jidowa a kai da keken jaki ana zubawa a gonar yayata, har tarin ya fi tsayin ɗaki. Aka zagaye shi da waya, aka kafa allo mai tutoci. Matar nan ta dawo ta ɗauki hoto, ta sa yayata ta tsaya a gaban allon ta riƙe gora. Damina ta zo da sauƙi a shekarar, ruwa ya shiga ƙarƙashin tarin ya fita bai ɗauki komai ba. Na ce alama ce mai kyau.

Ranar igiya na sauka tare da ita. Dattawa suka ja suka ja har suka iso turken siminti na farko. Shehu ya tsaya. Ya dubi jan fentin, ya dubi tarin, ya ɗaga igiyar sama ya tsallake da ita zuwa ɗaya gefen.

"Igiya ba ta shiga tsakanin siminti," ya ce.

"Shekara guda ce, Allah ya ja zamaninka," na ce.

"Allah ya sa," ya ce, ya kira gidan da ke biye.

Yayata ta tsaya har aka gama auna wa kowa, sannan ta hau gida.

Injin bai zo ba. Lori bai zo ba. Na fara zarya zuwa ofishin kwamitin a Wad Madani, duk sanda na kai kaya sai na biya. Kowane zuwa da dalilinsa. Da farko injin yana tashar jiragen ruwa, ba a daidaita wace ƙasa za ta fitar da shi ba. Daga baya masana'antar da za ta narkar tana ƙetaren iyaka, kuma dokar can ta hana shigo da shara, ko da sharar daga can ta taso. Daga baya an ɗage zama. Daga baya kuma manya sun saɓa a kan rabon ruwan kansa, wakilai sun daina zama ɗaki ɗaya. Waɗanda suka kasa shiryawa a kan ruwa, ina za su shirya a kan dattin da ke yawo a bisansa?

Na ce wa jami'in nan mai biro biyu, "Ya ustaz, ku bar ni in kwashe. Ina da masu lori, ina da masu saye. Mako guda na share wurin, tsohuwa ta shuka gonarta. Ba na son komai."

Ya dafe kai. "Wallahi, ya Hajj, da ni kaɗai ne da yau na ce ka kwashe. Amma kayan haɗin gwiwa ne, an rubuta shi a rahoto. Sai ɓangarori uku sun sa hannu."

"To ina sauran biyun?"

"Sun koma gida."

Shekaru ina kwashe roba a ƙasar nan ban nemi izinin kowa ba. Wannan tarin kaɗai, da ke kan gonar ubana, shi ne ya fi ƙarfina. Na yi tunanin in yanke wayar in kwashe kawai. Abin da ya hana ni, tsoron kada a ce mun karya yarjejeniya, takardar ta lalace. Har a lokacin takardar nake karewa.

Kogi ne ya sa hannu a madadinsu. Damina ta biyu ta zo da ƙarfi. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, gari ya taru a kan gaɓa muna kallo. Wayar ta lanƙwashe, tarin ya ɗaga gaba ɗaya kamar tsibiri, ya juya sau ɗaya a lanƙwasar, ya watse ya nufi Makwar, madatsar ruwan da ke ƙasanmu. Aikin kwana uku na gari biyu. Wani a bayana ya ce, "To, lori ya zo." Aka yi dariya. Ni ban juya ba.

Bayan wata biyu wani ɗan'uwanmu da ke noman hawasha, wato gonar ban ruwa, a Jazira, inda ruwan Makwar yake zuwa, ya zo bikin suna. Yana shan shayi a rumfata yana ba da labarin yadda roba ta cika musu magudana a shekarar, ta toshe bututun da ke shigar da ruwa gona, auduga ta yi ƙishi, har maƙwabta suka kusa fasa wa juna kai kowa na zargin ɗan'uwansa da tare ruwa. Ya ce wasu marasa tsoron Allah ne a sama suka zubo. Na ƙara masa shayi.

Da ruwa ya janye gonar ta fito tas, laka baƙa wul, turakun siminti huɗu suna tsaye. Ranar igiya aka sake tsallake ta. Wannan karon da dalili biyu: ga siminti, ga shi ba ta shuka bara ba. Yayata ba ta yi gardama ba. Washegari ta ɗauki fartanya ta shuka wake tsakanin turakun.

Waken ya fara fure sai ga wani mutum daga birni da takardarsa. Ba mugu ba ne. Ya ga lamba a jerin filayen gwamnati da ba a amfani da su, ya nema, aka ba shi haya ta shekaru masu yawa, zai dasa ayaba ya sa injin ban ruwa. Da ya ga tsohuwa a ciki, kunya ta kama shi, ya ce ta cire wakenta tukuna.

Na ɗauki takardarmu mai roba na tafi ofishin filaye. Na samu wani dattijon magatakarda, ya sa tabarau ya karanta ta daga sama har ƙasa.

"Kyakkyawar takarda," ya ce. "Wa ya ba ku?"

"Kwamiti."

"Kwamitin wace ƙasa?"

"Na duka ukun."

"To, ya Hajj, ni ma'aikacin ƙasa ɗaya ne. Kwamitin ya ce gonarta ce, amma kwamitin ba shi da ikon cewa haka. Ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, tun kafin a haife ka."

"Gonakin maƙwabtanta fa? Su ma ba rajista."

Ya cire tabarau ya dube ni, ba da izgili ba.

"Su ma ta gwamnati ce. Amma su ba mu san da su ba. Ba su da lamba, ba sa cikin taswira, babu wanda zai iya nuna su da yatsa ya ce a ba shi. Wannan kuwa, ku kuka kira mai awo."

Ya ce in nemo kwamitin su rubuto, ko za a duba. Na je Wad Madani. Ɗakin da ofishin yake wani ne a ciki yana sayar da irin shuka, bai ma san an taɓa yin wani kwamiti a wurin ba. Na rubuta wasiƙu. Na samu lambar jami'in nan, an mayar da shi wani aiki, ya yi ta ba ni haƙuri. Haƙurinsa na gaskiya ne, amma ba a shuka shi.

Yanzu mutane sun saba ɗora komai a kan yaƙi. Wannan kafin yaƙi aka yi shi, ana zaman lafiya, ofisoshi a buɗe, kowa da hatiminsa a aljihun tebur. Ba bindiga ce ta ƙwace gonar ba. Ni na kai ta, da ƙafata, ina murna.

Abin da kakanmu ya gane, ni da wayona ban gane ba, shi ne mutane irinmu a ƙasar nan ɓoyewa ce katangarmu. Mun fi shekara ɗari muna shan kogin nan, har yau in ka je neman takardar ɗan ƙasa sai an tambaye ka daga ina kakanka ya zo. Igiya ba ta barin alama, shi ya sa ta daɗe.

Na ce zan saya mata gona a kan tudu. Ta ce ita ba ta san noman jiran ruwan sama ba, kuma ba ta tsufa don ta koya ba. Na ce ta zo ta zauna a rumfa ta riƙe mini sikeli. Ta ce, "Gida ɗaya sarkin bola ɗaya ya isa." Ba ta taɓa zagina ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Takardar tana cikin akwatinta har yau, robar ta kare ta, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Allon mai tutoci kuwa ta tsamo shi daga laka, shi ne ƙyauren garken awakinta.

Roba ba ta fasa zuwa ba. Kowace kaka tana kwanciya a lanƙwasar nan, a gindin ayabar mutumin, kuma shi ba shi da masu tsinta. Yayata ta je ta same shi ta ce ya bar ta ta riƙa sharewa. Ya yi murna. Na ce mata kada ta yi, na ce abin kunya ne a gare ni. Ta ce ai ƙafarta ta saba da hanyar.

Bara bayan ranar igiya da kwana kaɗan ina zaune a rumfa na hango ta tafe, buhu biyu a kan keken jakin maƙwabci, ita tana biye da ƙafa, laka har gwiwa. Na tashi zan taimaka ta ɗaga mini hannu. Da kanta ta jawo buhun farko ta ɗora a kan sikelina. Gorunan suka yi ƙara a ciki.

"Auna da kyau, auta," ta ce. "Amfanin gonar Baba ne na bana."